Yadda Za Ka Gane Ko Kwamfutarka Na Buƙatar Katin Sauti Don Wasan Gem

Wanda ya haɗa kwamfutar wasa, bayan ya gama da katin hoto da furosesa da ram, akwai tambayar da kan biyo baya: in ƙara katin sauti na musamman, ko kuwa wanda ya zo a jikin madabod, wato babban allon da ake jona duk kayan kwamfuta a kansa, ya wadatar? Ga mafi yawan 'yan gem na yau, na jikin madabod ya wadatar, kuma kuɗin katin ya fi amfani idan aka zuba shi a hedfon mai kyau. Sai dai akwai mutanen da katin zai raba su da wata damuwa ta gaske, kuma ba za ka san ko kana cikinsu ba sai ka bi kwamfutarka daki-daki.

Sunan da katin sauti ya yi ba a banza ya yi shi ba. A da, kwamfuta ba ta da abin da take iya fitarwa sai ɗan "fit-fit" daga ƙaramar sifikar cikinta. Da kamfanin Creative na ƙasar Singafo ya fitar da Sound Blaster a 1989, sai ya zama dole ga duk mai wasa. A 1998 suka zo da fasahar EAX, wadda katin da kansa yake lissafa amsa-kuwwa da yadda sauti ke bugun bango a cikin wasa, ya rage wa furosesa nauyi. Sautin madabod na wancan lokaci, tsarin AC'97 da Intel ta kawo a 1997, cike yake da tsuwwa. Daga baya abubuwa biyu suka sauya lissafin. Intel ta kawo tsarin HD Audio a 2004, sautin madabod ya gyaru. Sannan Windows Vista, da ta shiga kasuwa a 2007, ta toshe hanyar da wasanni ke bi ta DirectSound3D su miƙa wa kati aikin lissafin sauti. Tun daga nan wasanni suka koma yin lissafin da kansu a furosesa, kuma furosesar yau ko a jikinta. Saboda haka ka cire wannan daga ranka tun yanzu: katin sauti ba zai ƙara wa wasanka gudu ba. Babban aikinsa a yau biyu ne, wato juya lambobin kwamfuta su koma sauti, aikin da ake kira DAC, da kuma ba hedfon ƙarfin da zai yi ƙara, aikin amfilifaya.

Mataki na 1: Gano ta inda sautinka yake fita

Nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗi, don haka kada ka tsallake. Duba wayar hedfonka. Idan bakinta USB ne, ko kuwa hedfon marar waya ne mai ɗan abin jonawa na USB, ko na Bluetooth, to yana da nasa DAC da amfilifaya a cikinsa. Sautin ba ya bi ta cif ɗin madabod ko kaɗan, kuma ko ka sa kati mafi tsada a duniya ba zai bi ta cikinsa ba. Haka ma idan sauti na fita ta sifikar monita ko talabijin ta wayar HDMI ko DisplayPort: katin hoto ne ke tura shi, monita ce ke juya shi. Wanda ke cikin wannan rukuni, maganar kati ta ƙare masa, sai dai ya duba mataki na 5 don gyaran saiti.

Maganar ta shafe ka ne kawai idan hedfon ko sifikarka na da ƙaramin baki mai milimita 3.5, ko babba mai milimita 6.35, kana jona shi a ramin kwamfuta kai tsaye.

Mataki na 2: Duba cif ɗin da ke jikin madabod

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka nemo layin da aka rubuta BaseBoard Product. Sunan madabod ɗinka ke nan. Je shafin kamfanin da ya ƙera shi ka karanta ɓangaren sauti. Kusan koyaushe cif ɗin Realtek za ka tarar. ALC887, ALC892 da ALC897 su ne na madabod masu sauƙin kuɗi, tazarar da ke tsakanin sauti da hayaniyarsu a takarda ba ta kai desibel 100 ba. ALC1220 da ALC4080 su ne na sama, a takarda suna kaiwa desibel 120.

Wannan alama ce kawai, kada ka yanke hukunci da ita. Cif mai kyau a madabod da aka shimfiɗa wa hanyoyin wuta sakaka zai yi tsuwwa, mai araha kuma a madabod da aka ware wa ɓangaren sauti wuri nasa zai iya yin tsit. Kunnenka ne zai raba gardama a mataki na gaba.

Mataki na 3: Gwajin tsuwwa

Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne muhimmanci, domin tsuwwa ita ce babban dalilin da ya sa ake guje wa sautin madabod. Cikin akwatin kwamfuta wuri ne mai hayaniyar lantarki: katin hoto na jan wuta da yawa, fankoki na juyawa, akwatin wuta na aiki, kuma siririn sautin da zai je kunnenka yana ratsawa ta tsakiyarsu.

Ka samu lokacin da ɗaki ya yi shiru. Jona hedfon a ramin gaba na akwatin, kada ka kunna komai, ka ɗaga ƙara zuwa inda ka saba wasa. Saurara. Sai ka riƙa motsa linzami, ka riƙa gungura shafi sama da ƙasa. Idan ka ji wata siririyar tsuwwa tana bin motsin hannunka, ka tsaya ta tsaya, ka motsa ta dawo, to hayaniyar lantarki ce ke kutsowa. Daga nan ka buɗe wasa mai nauyi, ka shiga saitinsa ka kashe sautin wasan gaba ɗaya, ka bar katin hoto ya yi ta aikinsa. Wani lokaci a nan ne za ka ji ƙugin ya tashi, har yana sauya murya idan ka juya kyamara daga kallon bango zuwa fili.

Yanzu zare hedfon ka kai shi bayan akwati, ramin kore. Maimaita gwajin. Sau da yawa za ka tarar baya tsit yake, gaba ne ke da matsala. Dalili kuwa, ramin gaba yana haɗe da madabod ta wata doguwar waya da ke shiga wurin da aka rubuta HD AUDIO ko AAFP, kuma wayar kan bi ta gefen katin hoto tana kwaso hayaniya. Maganin wannan ba kati ba ne. Ka buɗe akwati ka sauya wa wayar hanya, ta bi ta bayan farantin madabod nesa da wayoyin wuta, ko ka sayi wayar ƙarin tsawo ka riƙa amfani da ramin baya.

Akwai wani ƙugin daban, mai kauri, da ke fitowa a sifiku masu nasu filogin wuta. Yawanci yana faruwa ne idan kwamfuta da sifika suna soket daban-daban. Jona su a soket guda ka gani. Idan bai daina ba, akwai 'yar na'urar da ake sa wa a tsakiyar wayar sauti don yanke wannan ƙugi. Abin da ba za ka taɓa yi ba shi ne cire ƙafar at (earth) ta filogi don ƙugin ya tafi, domin ita ce ke tsare ka daga jan wuta.

Idan kuwa abin da kake ji ɓaraka ce da kakkatsewa, ba tsuwwa ba, to sau da yawa direba ce, wato manhajar da Windows ke sarrafa na'ura da ita, ta sauti ko ta wata na'ura kamar ta intanet. Sauke sabuwar direba daga shafin madabod ɗinka, sannan ka gwada manhajar LatencyMon, wadda ke nuna direban da ke tsare furosesa. Irin wannan matsala kan bi mutum har kan sabon kati.

To idan ramin baya ma yana tsuwwa bayan duk wannan, ka samu dalili na farko na gaske.

Mataki na 4: Hedfonka na samun isasshen ƙarfi?

Duba kwalin hedfon ko shafin kamfaninsa, ka nemo lambar om, wato ma'aunin yadda hedfon ke turje wa wutar lantarki. Mafi yawan hedfon 'yan gem suna wajen om 32, kuma kowane madabod zai iya da su. Amma akwai irin su Beyerdynamic DT 990 Pro mai om 250, da Sennheiser HD 600 mai om 300. Waɗannan suna son ƙarfin da ramin madabod mai araha ba ya iya bayarwa. Alamar a fili take: ka kai ƙara ƙarshe amma har yanzu sautin na can ƙasa, ko kuma idan bam ya tashi a wasa sai ka ji sautin ya dagule maimakon ya cika kunne. Lambar om ba ita kaɗai ba ce, akwai kuma yawan ƙarar da hedfon ke iya fitarwa daga wutar da aka ba shi, shi ya sa wasu masu ƙananan om ma suke da cin wuta. Gwajin dai ɗaya ne. Idan kana samun ƙarar da ta ishe ka tun kafin ka kusa ƙarshe, kuma ba ta dagulewa, ba ka da matsalar ƙarfi.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. Ramin da ake jona hedfon shi ma yana da nasa om, kuma masu harkar sauti suna son kada ya wuce kashi ɗaya cikin takwas na om ɗin hedfon. A madabod da yawa ya wuce haka nesa, sai ya sauya wa wasu hedfon murya, ƙasan sautin ya kumbura ya rufe ƙananan abubuwa irin takun sawu. Amfilifaya mai kyau na gyara wannan, kuma shi ne bambancin da wasu ke ji su ce kati ya "buɗe" musu sauti.

Wannan ne dalili na biyu.

Mataki na 5: Gyara saitin da ba ya cin ko sisi

Abin da ɗan gem ke nema a zahiri shi ne ya ji takun abokin gaba ya san ta hagu yake ko ta baya, sama ko ƙasa. Masu tallan kati sun san haka, shi ya sa suke buga 7.1 da manyan baƙi a kwali. Amma hedfon sifika biyu gare shi, kunnuwanka ma biyu ne. Abin da ke sa ka ji kamar sauti na bayanka lissafi ne na manhaja, mai suna HRTF, wanda ke kwaikwayon yadda kai da fatar kunne ke lanƙwasa sauti kafin ya shiga ciki. Wannan lissafi yanzu yana cikin wasanni da yawa. An sa shi a CS:GO tun 2016, Valorant ma yana da shi a saitinsa. Windows na da nata kyauta mai suna Windows Sonic, sannan akwai Dolby Atmos da DTS Headphone:X da ake saya, kuma dukkansu suna aiki a kan sautin madabod.

Ga yadda za ka tsara. Shiga saitin sautin wasan ka zaɓi hedfon, ba sifiku ba. Idan wasan na da nasa HRTF, kunna shi, ka kashe duk wani sautin kewaye na Windows ko na manhajar Realtek. Kada ka taɓa haɗa biyu, domin lissafi a kan lissafi rikita alkibla yake yi, ka ji mutum a dama alhali yana gabanka. Idan wasan ba shi da nasa, a nan ne za ka gwada Windows Sonic ko Dolby.

Bayan haka danna Windows da R, ka rubuta mmsys.cpl. Zaɓi na'urarka ka shiga Properties. A shafin Advanced ka sa bit 24 da haz 48000, domin a kan haka ake shirya sautin mafi yawan wasanni, kuma kai shi 192000 ba ya ƙara komai. Kashe ƙarin gyare-gyaren da ke shafin Enhancements. Sai ka koma shafin Communications ka zaɓi Do nothing, in ba haka ba Windows kan rage sautin wasa da kashi 80 cikin ɗari duk lokacin da ta ɗauka kana kira. Mutane da yawa sun zargi madabod a kan wannan ɗan saiti.

Masu son fito da takun sawu fili suna iya yin haka da manhajar Equalizer APO, wadda kyauta ce, ta hanyar rage ƙasan sauti kaɗan. Kusan abin da manhajojin katuna ke yi ke nan da sunaye masu daɗi. Rage ƙasan ya fi ɗaga ƙara gaba ɗaya, don kunne ba shi da sifiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya wuce awa 40 a mako a ƙarar desibel 80, kuma lokacin yana raguwa sosai da zarar ƙarar ta haura.

Mataki na 6: Makirfo

Ɗauki muryarka na 'yan daƙiƙu ka saurara. Ɓangaren makirfo shi ne inda madabod ya fi rauni, musamman idan sai ka ɗaga Microphone Boost kafin abokan wasa su ji ka, domin yana ɗaga hayaniya tare da murya. Kafin ka zargi madabod, tabbatar hedfon mai baki ɗaya da zobba uku ka sa masa wayar da ke raba shi biyu, kore na ji, ruwan hoda na magana. Idan har yanzu muryar na tafe da shuu, dalili na uku ke nan. Mai yaɗa wasansa kai tsaye da ke son babban makirfo mai bakin XLR kuwa, katin gem ba zai yi masa ba. Na'urar ɗaukar murya irin Focusrite Scarlett yake buƙata, mai ba makirfo wutar bolt 48.

Mataki na 7: Na ciki ko na waje

Idan ba ka samu ko ɗaya daga dalilan nan uku ba, ajiye kuɗinka, ko ka ƙara su a hedfon. Bambancin da ke tsakanin hedfon mai kyau da marar kyau ya ninka wanda ke tsakanin kati da madabod, kuma kowa zai ji shi a minti na farko.

Idan ka samu dalili, ni shawarata na waje ne, mai USB. Tsuwwar da kake gudu a cikin akwati take, katin ciki kuwa a nan zai zauna, sau da yawa dab da katin hoto. Masu kyau suna da murfin ƙarfe da ke kare su, amma na waje ya fi nisa da hayaniyar. Yana aiki da laftof, wadda dama ba ta da ramin kati, maɓallin ƙara na kusa da hannunka, kuma in ka sauya kwamfuta da shi za ka tafi. Ga mai matsalar tsuwwa kaɗai da hedfon mai ƙananan om, 'yar wayar nan da ke juya USB-C zuwa ramin milimita 3.5, irin ta Apple, tana iya kashe maganar. Mai hedfon da ke cin wuta ya nemi DAC mai amfilifaya daga irin su FiiO ko Topping. Mai son ramin makirfo da manhajar gem a wuri guda ya duba irin Sound BlasterX G6.

Katin ciki, irin Sound BlasterX AE-5 Plus ko jerin Xonar na Asus, yana da nasa masu shi: wanda ke da sifiku 5.1 masu wayoyi uku alhali madabod ɗinsa ba shi da isassun ramuka, wanda ba ya son ƙarin kaya a kan tebur, da mai son tsofaffin wasannin zamanin EAX, waɗanda manhajar ALchemy ta Creative ke dawo wa da amsa-kuwwarsu. Kafin ka biya, shiga shafin kamfanin ka tabbatar akwai direban katin na Windows ɗin da kake kai. Tsohon kati da kamfani ya daina kula da shi ciwon kai ne.

Mataki na 8: Sa katin

Na USB ba ya buƙatar dogon bayani: jona shi a ramin baya, ka zaɓe shi a mmsys.cpl da Set Default.

Na ciki kuwa, kashe kwamfuta, zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu don ragowar wuta ta fita. Buɗe gefen akwati, ka taɓa ƙarfensa kafin ka taɓa komai. Nemi ramin PCIe da ya fi nisa da katin hoto. Katin sauti ɗan gajeren baki gare shi, amma yana shiga dogon rami ma ya yi aiki. Kwance ƙarfen da ya rufe bayan ramin, riƙe katin ta gefuna, danna shi a miƙe har zinaren bakinsa ya ɓace, ka ɗaure sukuru. Duba kada ya toshe wa fankar katin hoto iska. Wasu manyan katuna suna son wayar wuta ta daban daga akwatin wuta, littafinsu zai faɗa. Idan kana son ramin gaba ya koma kan katin, zare wayar HD AUDIO daga madabod ka kai ta jikinsa, amma ka tuna ita ce mai kwaso tsuwwa. Kunna kwamfuta ka sa direba daga shafin kamfani. Kashe sautin madabod a BIOS ba dole ba ne, sai dai yana hana Windows komawa kansa da kanta. A manhajar katin, idan akwai zaɓin ƙarfin hedfon, fara da mafi ƙanƙanta kuma hedfon na wuyanka, ba a kunne ba.

Mataki na 9: Gwada shi da gaskiya

Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin sauti na da tarko: duk wanda ya fi ƙara, ko da kaɗan ne, kunne zai ce shi ya fi daɗi. Saboda haka daidaita ƙarar biyun gwargwadon iko, ka kashe duk ƙarin gyaran manhajar katin. Zaɓi wuri ɗaya a wasa da ka sani sosai, inda akwai taku da harbi da shiru. Juya wa kwamfutar baya, ka sa wani ya riƙa sauya hedfon tsakanin kati da madabod ba tare da ya faɗa maka ba, kamar sau goma, kana faɗin wanda kake zato yana rubutawa. Idan matsalarka tsuwwa ce ko ƙarancin ƙarfi, za ka gane katin kusan kowane karo. Idan kuwa rabi ka dace rabi ka kuskure, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, don haka ka yi wannan gwaji tun lokacin mayar da kaya bai wuce ba, kuma ka adana kwali da rasit har sai ka gama.